Daga Jita Zuwa Mandolin: Wata Tara na Wani Makaɗi a Kaduna

Mutumin da kayan kiɗan

Mutumin da wannan bayani ya shafa makaɗin jita ne a Kaduna. Shekarunsa talatin da 'yan kai, ya yi 12 daga ciki yana kaɗawa. Da jita yake ci da iyalinsa: gidajen biki a ƙarshen mako, sauran kwanaki kuma a wani ƙaramin situdiyo inda yake sa wa mawaƙa kiɗa. Bai taɓa koyon karanta rubutun kiɗa ba. Da kunne ya koya, kuma kunnen nasa mai kyau ne, in ya ji waƙa sau biyu zai bi ta. Ni ke haɗa sauti a situdiyon, don haka akasarin abin da zan faɗa a gabana ya faru, sauran kuma daga bakinsa na ji.

A farkon watan Oktoba wani ɗan'uwansa mai kawo kayan gwanjo daga Kwatano ya tsinci mandolin a cikin kaya, ya ajiye masa. Ɗan ƙaramin abu ne mai siffar ɗigon ruwa, da tsagogi biyu a fuska irin na bayolin, wato gogen Turawa. Tsirkiyarsa takwas ce, amma biyu-biyu suke tafiya, kowane biyu murya ɗaya, don haka hannu yana ɗaukarsu a matsayin huɗu. Daga mai kauri zuwa siririya ana saita su G, D, A, E, daidai da bayolin. Tsawon tsirkiyar wajen santimita 35 ne, na jita kuwa wajen 65.

Asalin mandolin mai wannan saiti birnin Napoli ne na Italiya, a ƙarni na 18, inda gidan Vinaccia suka yi suna wajen ƙera mai baya kamar ƙwarya. Daga baya Orville Gibson na garin Kalamazoo a Amurka ya fito da mai fuska da baya sassaƙaƙƙu kamar na bayolin, ya samu takardar mallakar fasahar a 1898. Na hannun mutuminmu jikan wannan na biyun ne, aikin masana'anta mai araha.

Burinsa a fili yake: ya sa shi cikin kiɗan da muke naɗa. Ranar da ya shigo da shi ya ce mini, "Ai ƙanen jita ne wannan. Mako biyu ya ishe ni."

Makon farko: jaki ya faɗi

Tsirkiyoyin da suka zo a jiki sun yi tsatsa. Ya yi abin da ya saba yi wa jita: ya kwance takwas ɗin gaba ɗaya don ya goge wuyan. Nan take jakin, wato ɗan katakon da tsirkiya ke hawa a kan fuska, ya zame ya faɗi ƙasa. Jakin jitarsa a manne yake da gam. Na mandolin ba a manne shi, nauyin tsirkiya kaɗai ke riƙe shi, kamar dai jakin goge ko na garaya. Bai sa alama a inda yake ba, sai ya mayar da shi inda ido ya ba shi.

Sai matsalar sabuwar tsirkiya. Ta jita tana da ɗan ƙarfe a gindi, ta mandolin kuwa zarge ne da ake rataya shi a ƙugiya. Bai samu a shagunan da ya zaga ba, sai da ya aika Legas. Kwana tara ya jira. Waɗanda suka zo masu matsakaicin kauri ne, 0.011, 0.015, 0.026 da 0.040 na inci.

Da ya ɗaura ya saita da manhajar waya, kowace tsirkiya in an kaɗa ta a sake daidai take. Amma da ya danna ta a wuya sai muryar ta haura, kuma tana ƙara haurawa yayin da hannu ke matsowa kusa da jiki. A gaɓa ta 12 (gaɓa nake kiran ƙarafunan nan da aka gitta a wuya, waɗanda makaɗa ke ce wa firet) bambancin ya kai yaro ma zai ji. Ya ɗauka halin kayan araha ne, ya ci gaba a haka.

Mako na 2 zuwa na 6: jita a juye

A intanet ya ci karo da wata dabara da ake yawan faɗa wa 'yan jita. Tsirkiyoyi huɗu masu kauri na jita su ne E, A, D, G. Na mandolin G, D, A, E. Wato juyin juna ne. Duk kod ɗin da ka sani a waɗannan huɗun (kod shi ne haɗin muryoyi da ake kaɗawa tare), in ka kifa shi, ya zama kod ɗin mandolin. Gaskiya ne kuwa. Kod ɗin G na jita a kansu 3-2-0-0 ne, na mandolin 0-0-2-3 (kowace lamba gaɓar da ake dannawa ce a tsirkiya, daga mai kauri zuwa siririya, 0 kuma a sake). A yini ɗaya ya fitar da G, da C (0-2-3-0), da D (2-0-0-2), ya kuma raka waƙa da su. Murna ba a magana.

Daga nan abin ya tsaya. Duk sauyin kod sai ya fara hango jita a ransa, ya kifa ta, sannan yatsu su sauka. A waƙa mai sanyi yana tsira, in kiɗa ya ɗau zafi sai ya makara. Da ya zo bin muryar waƙa ɗaya-ɗaya kuwa dabarar ta watse gaba ɗaya, domin a jita tazarar tsirkiya da ta kusa da ita gaɓa biyar ce (huɗu tsakanin G da B), a mandolin bakwai ce. Ya riƙe ƙa'idarsa ta jita, yatsa ɗaya gaɓa ɗaya, sai ya zama yatsunsa huɗu sun ƙare a gaɓa ta 4 alhali akwai sauran hanya kafin tsirkiya ta gaba. Hannun ya dinga zarya sama da ƙasa a wuyan da bai kai kamu biyu ba.

Hannun dama ma da nasa. Fik ɗinsa, wato ɗan robar da yake kaɗa jita da shi, siriri ne, milimita 0.60. A kan tsirkiya biyu masu tsauri sai ya lanƙwashe, ya ja ɗaya ya bar ɗaya, ƙarar robar ta fi ta kiɗan fitowa. A mako na biyar muka gwada naɗa minti ɗaya. Da na kunna masa, shi da kansa ya ce a goge.

A wannan lokacin yana ba abin awa biyu zuwa uku a rana, amma ba kullum ba, sai ranar da babu aiki. Kan yatsunsa, duk da kantar shekara 12, sun tsage. Bai iya wuce minti 20 a jere ba tare da ya yarfa hannu ba.

Ƙarshen Nuwamba: darasin da ba nasa ba

Galibin darussan mandolin da ya samu a YouTube daga Amurka suke, kuma kiɗan bulugiras suke koyarwa, wanda Bill Monroe, mutumin jihar Kentaki, ya kafa da ƙungiyarsa. A wannan kiɗan ba a sa ganga. Mandolin ne ke tsayawa a madadinta: makaɗi ya danne tsirkiyoyin duka, ya sare su sau ɗaya, ya saki hannu nan take, sai a ji "cak" a tsakanin bugu. Kod ɗin G da ake wannan saran da shi 7-5-2-3 ne, wato manuniya a gaɓa ta 2, ƙaramin yatsa can a ta 7.

Mutuminmu ya ɗauka wannan ne ma'aunin iya mandolin, ya duƙufa. Yana yi kuma da riƙon jita: babban yatsa a tsakiyar bayan wuya, wuyan hannu a turo gaba, sauran yatsu a miƙe daidai da gaɓoɓi. Bayan kwana goma ciwo ya kama shi daga gindin babban yatsa zuwa wuyan hannu, har ya taɓa masa jita a wani biki. Wannan ya tsorata shi, don abincinsa ne. Ya sa mandolin a jaka ya rataye. Mako uku bai taɓa shi ba, har ya fara cigiyar mai saye.

Disamba: wurin mai gyara

Wanda ya zo saye ne ya ce sai an duba masa tukuna, suka tafi wurin wani dattijo mai gyaran jita da kayan kiɗan coci. Na bi su. Dattijon bai kaɗa ko waƙa ɗaya ba, ruler ya ɗauko. Ya auna daga bakin wuya zuwa gaɓa ta 12, ya sake aunawa daga gaɓa ta 12 zuwa jaki. Ya kamata biyun su zo kusan ɗaya, na biyun ya ɗara da ɗan kaɗan. Na biyun ya gaza da wajen milimita 5.

"Ɗana, wa ya ajiye maka jakin nan a nan?"

"Ni ne, Baba."

"To ba kayan ne ke maka ƙarya ba."

Ya sassauta tsirkiyoyin, ya tura jakin baya, yana gwada muryar gaɓa ta 12 da ta tsirkiya a sake har suka haɗu. Ƙa'idar da ya ba shi gajeriya ce: in ta haura, jaki ya yi baya, in ta gaza, ya matso wajen wuya. Ya zana wurin da fensir, ya ce daga yau a riƙa canja tsirkiya ɗaya-ɗaya.

Sai ya auna tsayin tsirkiya daga kan gaɓa ta 12: kusan milimita 3. Jakin yana da 'yan ƙafafun juyawa guda biyu na ƙarfe, waɗanda mutuminmu ya ɗauka ado ne. Da su dattijon ya sauke tsayin zuwa wajen milimita 1.5. Ya kuma ɗan zurfafa tsagogin da tsirkiya ke bi a bakin wuya, domin sun yi tudu har danna gaɓa ta farko sai da ƙarfi. Aikin duka bai kai awa ɗaya ba. Mutuminmu ya karɓa ya danna, ya dubi mai sayen ya ba shi haƙuri.

A makon ya sayo tsirkiya marasa kauri, 0.010 zuwa 0.038, da fik mai kaurin milimita 1.5 mai baki a dakushe. Kwana uku na farko ya ce kamar da kwabo yake kaɗawa. A na huɗu muka ji abin da ba mu taɓa ji daga kayan ba: tsirkiya biyu suna fita tare, murya ɗaya cikakkiya. Ya kuma koyi saita su yadda ya dace, ɗaya da manhaja, abokiyarta da kunne, har sai rawar da ake ji tsakaninsu ta kwanta.

Janairu: zama huɗu da mai bayolin

Dattijon ne ya tura shi wurin wani malami mai koyar da bayolin, ya ce, "Wanda ya san hanyar nan ke nan, ba ɗan jita ba." Malamin bai taɓa riƙe mandolin ba. Sau huɗu suka zauna, awa ɗaya-ɗaya, mako-mako.

A zama na farko riƙo kawai aka gyara. Babban yatsa ya bar bayan wuya ya koma gefensa na sama, wuyan kayan ya kwanta kusa da gindin manuniya, yatsu suka karkato suna duban jikin kayan maimakon su miƙe. Wuyan hannu ya daidaita. Aka sa igiyar ratayawa don hannun hagu ya daina ɗaukar nauyi, aka kuma ɗan raba bayan kayan da cikinsa, domin in ya manne da jiki sautin yana shaƙewa.

A na biyu aka ba kowane yatsa gaɓa biyu: manuniya 1 da 2, na tsakiya 3 da 4, na zobe 5 da 6, ƙarami 7. Da haka hannu yana zaune wuri ɗaya ya kai ga muryar tsirkiya ta gaba. Malamin ya sa shi ya kaɗa 0-2-4-5 a tsirkiyar G, ya maimaita 0-2-4-5 a ta D. Muryoyi takwas na G ke nan cif. Ya ce ya fara daga D ya yi haka, sai ga na D. Daga A, sai ga na A. Babu tsirkiyar da ke karya tsarin kamar yadda B ke yi a jita.

"Malam, shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sharaɗi ɗaya: wata guda kada ka kaɗa kod, kuma kada ka tuna jita in kana riƙe da wannan."

Zama na uku shi ne ya fi burge ni, kuma shi mutuminmu ne ya gano abin, ba malamin ba. Yawancin waƙoƙin da muke naɗa a kan muryoyi biyar suke tafiya, kamar yadda kiɗanmu na gargajiya ya saba. In ka ɗauki G, biyar ɗin su ne G, A, B, D, E. Huɗu daga cikinsu su ne tsirkiyoyin mandolin a sake. B kaɗai ake nema da yatsa. Ya ce yana cikin bin wata waƙar biki sai ya ji rabin muryoyin suna faɗowa ba tare da ya danna komai ba, sauran tsirkiyoyin kuma suna amsawa da kansu a ƙasa. Daga ranar ya bar darussan Amurka, ya koma ɗauko waƙoƙin da ya riga ya haddace yana nemo su ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen wata yana da goma sha ɗaya.

Ya kuma sauya tsarin lokaci: minti 25 kullum bayan sallar asuba, ko da aiki ko babu.

Tsakiyar hunturu: ƙara a gaɓoɓi

Ana cikin haka, a ƙarshen Janairu, tsirkiyar G ta fara zuza a kan gaɓoɓi, bakin ƙarafunan kuma suka ɗan fito suna kartar hannu. Ya zaci gyaran ne ya lalace. Iskar hunturu ce. Katakon kayan kiɗa ya fi son danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturun arewa kuwa yana sauka ƙasa da haka nesa. Katako ya tsuke, fuskar ta ɗan lotsa, jaki ya sauka da ita. Ya ɗaga jakin da kansa da rabin juyi a kowane gefe, ya samo akwati, ya sa jiƙaƙƙen soso da aka matse a cikin gidan sabulu mai huji, ya daina rataye kayan a bango. Cikin mako guda zuzar ta tafi. Da damina ta sauka katakon ya kumbura, ya mayar da rabin juyin.

Fabrairu zuwa Afrilu: karkarwa

Muryar mandolin ba ta daɗewa. Ka kaɗa, ta yi ƙara, ta mutu. Jita tana riƙe murya, mandolin ba ya riƙewa. Hanyar ja mata rai ita ce tiremolo: fik yana sauka yana hawa da sauri a kan tsirkiya biyun har kunne ya ji kamar murya ɗaya ce doguwa mai karkarwa. Wanda ya taɓa sauraron kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ya san yadda ɗan ƙaramin kaya mai gajeren sauti yake cika wuri da yawan bugu.

Gwajinsa na farko da ƙarfin dantse ya yi, ya ƙage hannu yana kakkaɓi. Yana samun sauri na daƙiƙa uku ko huɗu, sai fik ya maƙale. Ya yi mako biyu a haka babu ci gaba. Sai ya koma ƙasa. Ya sa metronom na waya, manhajar da ke ƙwanƙwasa lokaci, a 60 a minti, bugu huɗu a kowane ƙwanƙwasawa, ƙasa-sama-ƙasa-sama, motsin daga wuyan hannu, fik ɗin a riƙe sako-sako kamar zai faɗi, bakinsa kaɗan kawai ke shiga tsirkiya. Ba ya ƙara sauri sai ya yi minti ɗaya cur babu tuntuɓe, kuma huɗu-huɗu yake ƙarawa. Ƙarshen Fabrairu yana 84. Ya tsaya a 96 kusan mako uku har ya fara ƙorafi. Abin da ya buɗe masa shi ne ɗan karkata fik ɗin, ya daina faɗa wa tsirkiya da faɗinsa, ya riƙa zamewa ta gefe. Tsakiyar Afrilu ya kai 120, wato bugu takwas a daƙiƙa, kuma a nan ne ya daina jin bugu ya fara jin murya.

Kod ya dawo a Maris, masu yatsa biyu da uku. Wannan karon bai kifa komai a ransa ba.

Yuni: naɗi

A watan Yuni, wata na tara, muka naɗi waƙar wata amarya da mandolin a ciki. Shi ke amsa wa mawaƙiya a ƙarshen kowane baiti, ya kuma ja karkarwa a ƙarƙashin amshi. Sau uku aka ɗauka, aka zaɓi na biyu. A wajen haɗa sauti kusan ban taɓa shi ba. Mafi ƙasan muryarsa ita ce G ta tsirkiya ta uku a jita, mafi siririyar tsirkiyarsa kuma a sake tana daidai da siririyar jita a gaɓa ta 12, don haka ya zauna a samansu, bai yi rigima da jita ko kalangu ba.

Ciwon hannu bai dawo ba. Saran bulugiras har yau bai iya shi da tsabta ba, kuma ƙaramin yatsansa yana da rauni a gaɓa ta 7. Sama da gaɓa ta 7 kuma har yanzu baƙo ne.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

A ganina wata biyun farko ba rashin ƙoƙari ne ya cinye su ba, a lokacin ma ya fi ba abin awoyi. Yana kokawa ne da kayan da ba mai iya kaɗa su da daɗi: jaki a gurbin da ba nasa ba, tsirkiya a tsayin da ya ninka yadda ya kamata. Da yake bai taɓa riƙe lafiyayyen mandolin ba, ba shi da abin kwatantawa, sai ya raba laifin tsakanin arhar kayan da yatsunsa. Awa ɗayan nan ta wurin dattijo ita ya kamata ta zama ranar farko, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni takaici a lamarin, don saura ƙiris ya sayar.

Dabarar kifa jita ba ƙarya ba ce, kuma ba zan hana kowa ita a yinin farko ba, tana sa mutum ya ji kiɗa ya fito. Illarta ita ce ta tabbatar masa da zaton da ya shigo da shi, cewa ƙanen jita ne. Ta ɓangaren hannun hagu mandolin ɗan gidan bayolin ne: saitinsu ɗaya, riƙonsu ya yi kusa, rabon yatsunsu ɗaya. Shi ya sa malamin da bai taɓa riƙe shi ba ya warware a zama huɗu abin da bidiyo na mako shida bai warware ba. Darussan bulugiras kuwa ingantattu ne ga mai son bulugiras. Saran da ya jawo masa ciwo aikin ganga yake yi a kiɗan da babu ganga, mu kuwa kalangu na zaune a ɗakin.

Shekara 12 ɗin jita ba su tafi a banza ba. Kunnen da ya gano muryoyi biyar a tsirkiyoyin sake, da hannun daman da ya riga ya san ƙasa a kan bugu, sama a tsakani, da waƙoƙin da ke cike da kansa, duk daga can ya zo da su, kuma su ne suka sa abin ya yi sauri da zarar hannun hagu ya daina tambayar jita hanya. Yanzu a gidajen biki da kaya biyu yake zuwa, kuma fik biyu ne a aljihunsa, siriri a dama, mai kauri a hagu.